Babu Shi a Yankinku

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, da ƙafafun da tsayuwar asibiti ba ta kumbura ba, da barcin da ya ishe ki. Allah Ya ba marasa lafiyar da kike jinya sauƙi, ke kuma Ya ba ki ladan haƙuri da su da 'yan uwansu. Ya raya mana 'yarki kuma 'yata Mai Surutu, Ya sa bakin nan nata ya zama na alheri, amin.

Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Goggo tana nan da ƙarfinta. Na'urar jin maganar da kika aiko mata tana cikin gwangwanin allura, an naɗe ta da ƙyalle, wai kada ta tsufa da wuri. Idan ka je gaishe ta sai ka yi ta ihu har maƙwabta su san abin da ke damunka, ita kuwa ta ce maka amin. Yaya Babba gwiwarsa ta yi sauƙi, amma tunda ya ajiye aiki ya naɗa kansa shugaban kowa. Ranar nan ya zo gidana ya tsaya a tsakar gida yana koya mini yadda ake rufe famfo. Ni da na shekara da shekaru ina rufe shi. Yarana duk lafiya. Babban yana can wurin aikinsa, yana kira idan ya tuna yana da uwa. Ƙaramar tana makaranta, ta ce in gaya miki ta daina cin farce, ni dai ban gani da idona ba. Gidan kuwa kin san yadda ya koma tun rasuwar baban yara. Firij ne kawai yake magana, shi ma ba da ni yake ba.

Za ki yi mamakin ganin takarda da rubutun hannuna a wannan zamani. Dalili shi ne a waya ba na samun ki. Ina jin muryarki, amma ke ɗin ba na samun ki. Da na ja numfashi zan fara magana sai ki ce mini Yaya ana nemana, ki kashe. Takarda ba a ce mata ana nemana. Maƙwabcinmu Likitan Haƙori zai je taro a garinku, na ba shi lambar wayarki, zai kawo miki har asibiti. Ki karɓa ki yi masa godiya, kada ki bari ya fara ba ki labarin dasashi, ba ya gamawa.

Maganar da ta sa na ɗauki biro maganar Mai Laima ce. Kada ki yi dariya. Na san kin yi, amma ki gama ki ci gaba da karatu.

Kin tuna ranar da kike haɗa kayan tafiya, kika dire mini tsohuwar kwamfutarki a kan teburin cin abinci, kika ce akwai labarai a ciki da za su ɗebe mini kewa? Kin tuna abin da na ce? Na ce ni da na ƙarar da idona a maɗaba'a ina gyara wa manyan marubuta waƙafi da aya, ba zan zauna da furfurata ina danna 'yar tsana ba. Kika ce ba 'yar tsana ba ce, littafi ne mai hoto, yana kuma tambayar mai karatu. Na ce littafin da bai san inda ya dosa ba sai ya tambaye ni, marubucinsa rago ne. To har yau ban janye maganar gaba ɗaya ba. Na karanta da dama daga cikin waɗanda kika tara a akawun ɗin nan, kuma rabinsu shara ne. 'Yan mata da idanu kamar faranti, kowacce gashinta da launin da Allah bai halitta ba, duk sun mace a kan wani saurayi wanda ba shi da fuska ba shi da ra'ayi, ko ruwa ba ya iya zuba wa kansa. Fassarar wasu kuwa, da a teburina ta biyo da jan birona ya ƙare kafin babi na biyu. Akwai wanda a shafi ɗaya aka kashe kakar jarumin, a shafi na gaba ta kawo masa shayi, ba kuma labarin aljanu ba ne, mai fassara ne ya rikita wa da wa.

Amma akwai abin da waɗannan labarai suke yi wanda littafin takarda bai taɓa yi mini ba, kuma ina jin haushin amsa hakan. Suna jira. Hoto ya tsaya, layi ɗaya na rubutu a ƙasa, ƙarar ruwan sama tana tashi a hankali, ba abin da zai motsa sai na taɓa. Idan na tashi na je na duba tukunya, na dawo, matar tana nan tsaye da maganarta a baki, ba ta gaji ba, ba ta ce ana nemanta ba. Littafi idan ka ajiye shi ya mutu sai ka dawo. Wannan yana numfashi a ɗakin. Mace da ke zaune ita kaɗai a gida mai ɗakuna fiye da buƙatarta ta san darajar wannan.

Sai kuma muka faɗa kan labarin ofishin kayan tsintuwa na tashar jirgin ƙasa, da matar nan mai yawo da laima ko ana rana, wadda muka manta sunanta na gaskiya muka laƙaba mata Mai Laima. Wannan kam marubuci ne ya rubuta shi. Kantoci jere-jere na abin da mutane suka mance a jirgi: takalmin yaro ƙafa ɗaya, tabarau, makullan gidajen da wataƙila an rushe, ita kuma tana rataya wa kowanne 'yar takarda tana jiran mai shi. Da tsohon mahaifinta da ke kiran ta a waya daga ƙauye. Da Mai Tikiti da yake son ta amma sai dai ya yi mata maganar jadawalin jirage. Ke kika ce in ya ƙara kawo maganar jirgin safe za ki shiga kwamfutar ki mare shi. Na ce ki bar shi, na zauna da irinsa, kuma na binne shi ina kewarsa.

Kin san yadda muka tsara. Akawun ɗaya muke amfani da shi, wanda kika buɗe tun kina nan, ke a kwamfutarki can, ni a tsohuwar nan. Akwatunan ajiya na sama naki, na ƙasa nawa, duk inda mutum ya tsaya ya ajiye a layinsa. Kowane akwati da ɗan hoton wurin da aka tsaya. Ban taɓa gaya miki da baki ba, amma kin sani, don ke ma kina yi: ina leƙa naki. Da safe in na idar da salla na ɗora ruwan shayi, kafin in fita, sai in buɗe in ga ko layin sama ya motsa. In ya motsa na san kina raye, kin samu hutun da za ki zauna, wutarku lafiya, idonki lafiya. In buɗe in koma baya in ga abin da kika zaɓa. Ta haka na fi sanin halin da kike ciki fiye da duk wayar da muke yi. Makon da kika sa Mai Laima ta zazzage wa shugaban tasha rashin mutunci, na ce to, wata babbar nas ta taka Auta a wurin aiki. Da na tambaye ki kika ce wa ya gaya mini.

Kuma kullum zaɓinmu ba ya haɗuwa. Labarin nan yana da ɗabi'ar ba da hanya biyu: ko ta faɗi abin da ke ranta, ko ɗigo uku, wato ta yi shiru. Ke tun kina rarrafe ba ki san shiru ba, kullum faɗa kike zaɓa. Ni kuwa, ni da nake soke ɗigo uku a rubutun mutane ina rubuta musu a gefe cewa in suna da magana su faɗa, in ba su da ita su sa aya, ni ce kullum nake danna su. Kika ce mini Sarauniyar Ɗigo. Na ce ai shiru ma magana ce ga mai hankali. Kika ce to shi ya sa Mai Laimata ta kusa aure taki kuwa tana nan tana goge ƙurar tabarau.

Haka muka gama kashi na ɗaya da na biyu. Aka bar mu da ita tsaye a bakin layin dogo, an ce za a rufe tashar, jirgin ƙarshe yana shigowa, laimar a rufe a hannunta. Muka yi alkawari ba wadda za ta taɓa kashi na ƙarshe sai mun fara tare.

To ya fito, Auta. Kin sani, ai kin riga ni sani. Ni ma saƙo ya shigo mini daga kantin intanet ɗin da muke sayen labaran, da hoton Mai Laima, da manyan haruffa wai abin da nake jira ya iso. Ranar ko kallabi ban tsaya ɗaura da kyau ba, na zauna na buɗe. Shafin ya buɗe tsaf. Ga hotuna, ga ɗan tallan yana motsi, ga kiɗan nan na ruwan sama da na sani kamar muryar wani nawa. Ga mutane daga ko'ina a duniya sun rubuta ra'ayinsu a ƙasa, wannan ya ce ya yi kuka, wancan ya ce bai yafe wa Mai Tikiti ba, sai da na kare allon da tafin hannu don kada su ɓata mini ƙarshen. Na nemi wurin saye. Madannin yana nan, amma ya yi toka-toka kamar an shafa masa ƙasa, a ƙarƙashinsa da ƙananan haruffa an rubuta: babu wannan a yankinku.

Na karanta jimlar nan kamar yadda nake karanta aikin maɗaba'a, harafi harafi, ko akwai kuskure. Babu. Jimla ce lafiyayya, marar kunya. Yankinku. Wane yanki? Yankin da suka iya aiko wa talla, suka iya kunna wa kiɗa, suka sayar wa kashi na ɗaya da na biyu ba su tambayi asalinsa ba? Ki ɗauka mai kanti ya aiko yaronsa har gida ya ce kayan da kike jira sun zo, ki saka takalmi ki je, ya buɗe miki kwalin ki gani, ya bari ki shinshina, sannan ya dubi ƙafarki ya ce ai ba a sayar wa masu zuwa daga wannan layin. Da a kasuwa ne da an tara masa jama'a. Amma wannan ba shi da fuska balle in kalle shi, ba shi da kwalar riga balle in riƙe.

Ban tsaya nan ba, kin san ni. Na duba kashi na ɗaya, wanda muka saya da hannunmu, na ga shi ma an ɗauke shi daga kantin ɓangarenmu. Wanda ke kan kwamfutar yana buɗewa, amma in tsohuwar nan ta mutu, kuma kin ji yadda fankarta take tari, ban san ko zan iya sake sauke shi ba. Sai na shiga dogon bayanin sharuɗɗansu, wanda na tabbata tunda aka rubuta shi ni ce mutum ta farko da ta karanta shi har ƙarshe. Ashe abin da muke kira saye su a wurinsu izinin karatu ne, suna iya janyewa. Ni a duniyar da na sani, in maɗaba'armu ta sayar wa mutum littafi, ba ma bin shi gida mu tsaya a bakin ƙofa mu ce yau ba a karanta babi na tara a unguwarku. Littattafan baban yara suna nan a kabad, wasu mawallafansu sun rufe tun kafin a haife ki, ba wanda ya zo ya ce in mayar.

Na rubuta musu. Na zauna na tsara musu takarda mai ladabi wadda kowace jimla a cikinta tana da haƙori. Amsa ta zo kafin shayina ya huce, abin da ya nuna mini ba mahaluƙin da ya karanta. Suka kira ni abokin ciniki mai daraja, ko mace ce ni ba su lura ba. Suka ce sun fahimci damuwata, samuwar kaya ta danganta da yarjejeniyar mawallafi da dokokin kowane yanki, kuma ko zan so in duba wasu labarai masu kama da shi. Na duba. Na farkon yarinya ce mai kunnen mage.

A wurin aiki kasa ɓoyewa na yi. Mai Inji ya leƙo ɗakina da hannunsa baƙi ƙirin da tawada, ya ga yadda nake caccakar rubutun wani bawan Allah da jan biro, ya ce Hajiya wa ya mutu, ko marubucin ne zai mutu. Na ba shi labari a taƙaice. Ya yi dariya har da riƙe ƙofa, ya ce shi a saninsa mata suna fushi a kan miji ko 'ya'ya, bai taɓa ganin wadda aka hana zanen mutum ta daina amsa gaisuwa ba. Na ce masa shi da yake zuwa aiki da jajayen idanu duk ranar da aka ci ƙungiyar ƙwallon da ba ta san an haife shi ba, ya rufa wa kansa asiri. Ya ce ya ji, ya tuba. Sai Oga ya shigo, ya ce ai abu mai sauƙi ne, akwai hanyar da ake yaudarar kwamfuta ta ɗauka mutum yana wata ƙasa, ko kuma a samo kwafin sata, yana da wanda ya iya. Na ce masa Oga, kai da kake zagin masu satar buga littattafanmu tun daga ƙofa har bayan gida, yau kai ne kake aika ni wurinsu? Ya ce shi shawara kawai ya bayar, ya ja ƙafarsa ya fita. Suka bar ni da tarin takardu da ƙarar inji ta bango. Na lura duk cikinsu ba wanda ya tambaye ni dalilin da ya sa abin ya dame ni haka. Ban ga laifinsu ba. Ko sun tambaya da ɗigo uku zan ba su.

Yanzu ki gyara zama, don duk wannan ihun da na yi wa kanti share fage ne.

Tun kafin kashi na ƙarshe ya fito, layin sama ya daina motsi. Na yi ta buɗewa da safe ina rufewa. Na ce aiki ne ya yi miki yawa. Na ce ai mun gama abin da ke akwai, me za ki ajiye. Amma akwatinki na ƙarshe ba a bakin layin dogo yake ba, inda muka tsaya tare. Baya kika koma, can tsakiyar kashi na biyu, wurin da mahaifin Mai Laima ya kira ta ranar da ta ji za a rufe tashar, ya tambaye ta ko lafiya take. Na tuna karon farko a wurin nan kin sa ta gaya masa komai har da abin da bai tambaya ba. Wannan karon na buɗe na duba, na ga kin danna ɗigo uku. Kika ajiye a nan, ba ki ƙara taɓawa ba. Na daɗe ina kallon ɗan hoton nan, ita da kan waya a kunne, laimar jingine da tebur. Na ce wataƙila so kike ki ga inda hanyata take kaiwa. Na ba kaina wannan amsar na tafi aiki.

Da kanti ya rufe mini ƙofa na kira ki. Kin tuna wayar. Kika ce au Yaya, ai kin buɗe sabon akawun a can, don katin bankinki na can ba ya shiga tsohon. Na haɗiye wannan, duk da ma'anarsa layin sama ya mutu ke nan, ba kuma wanda ya yi mini ta'aziyya. Kika rantse ba ki fara kashi na ƙarshe ba, na yarda. Kika ce kada in tada hankalina, in shiga in canza wurin zama a tsohon akawun, in sa adireshinki, kantin zai ɗauka ina can, sauran ke za ki ji da shi. Ban so ba, amma na ce bari in gani. Adireshin yana kaina, ni da nake rubuta shi a bayan kowane ƙunshi da muke aika miki. Ina bugawa ina karanta miki da ƙarfi don kada in yi kuskure. Na kai lambar gida sai kika ce a'a Yaya, ba nan ba, na tashi daga nan.

Auta, aikina ke nan tun kina 'yar makaranta. Ana biya na ne don in ga ƙaramar kalmar da ta zauna inda ba wurinta ba. Ke ba ki taɓa amfani da kalmar na ba a kan abin da ya shafi gidanki, sai mun. Mun sayi labule, mun yi baƙi, mun yi mura, har ciwon haƙorin mijinki Injiniya cewa kika yi muna fama da haƙori. Mace mai mun a baki tun ranar da aka kai ta, rana ɗaya ta ce na tashi. Ba mun tashi ba. Kuma kin ji abin da kika faɗa, don ina jin ƙarar wani abu kamar keken marasa lafiya yana wucewa, nan take kika ce ana nemanki, za ki turo mini sabon adireshin. Har yau da nake rubutun nan ban gan shi ba. Kin turo hoton Mai Surutu da kayan makaranta, a gaban wata ƙofa da ban sani ba, kin turo addu'ar safiya mai furanni, adireshi dai shiru.

Ni kuma a wayar nan me na ce? Na ce to. Sarauniyar Ɗigo ta yi abin da ta saba.

Ina fushi, kuma ba zan yi miki ƙaryar cewa da kanti kawai nake ba. Kanti bai san ni ba, bai sha nono ɗaya da ni ba, ban goya shi ba ranar da aka fita da gawar Inna. In ya ce mini babu wannan a yankinku, rashin mutuncin baƙo ne, zan zage shi in sha shayina. Amma ke, ki nuna mini hoto, ki kunna mini murya, ki bar ni ina ganin alamar akwai labari, sannan in miƙa hannu in tarar madannin ya yi toka? Tun yaushe na zama wani yanki? Ban sani ba ko saɓani ne irin wanda ake shiryawa, ko abin ya wuce nan, ko kuwa aiki ne ya raba muku gari ni nake ta saƙa da warwara ni kaɗai a ɗaki. In na yi kuskuren karatu, ki ja mini jan layi, zan fi kowa murna, zai zama kuskure na farko da na ji daɗin yi. In kuma daidai na karanta, to kina can ke da yarinya a bayan ƙofar da ban sani ba, kina dawowa daga tsayuwar yini ki tarar da firij yana magana shi kaɗai. Na san wannan ɗakin, Auta. A cikinsa nake. Ba sai kin fassara mini shi ba. Kuma ban gaya wa kowa ba, ko Yaya Babba, don na san da ya ji zai fara shirya taro. Goggo kuwa ko na faɗa amin za ta ce.

Ga abin da na yanke. Ba zan canza wurin zamana a kantin nan ba. A nan nake zaune, nan aka binne mijina, ba zan yi wa inji ƙarya don ya yarda ya karɓi cinikina ba. Su riƙe madanninsu. Amma kashi na ƙarshe yana hannunki, kuma duk yarjejeniyarsu ba ta hana ƙanwa ta karanta wa yayarta littafi da baki ba. Ranar da ba ki da aiki, ki ba yarinya abinci, ki zauna, ki buɗe, ki kira ni. Ke ki karanta, ki gaya mini abin da ke hoton, ko ta buɗe laimar ko ba ta buɗe ba. Ki yi mini muryar Mai Tikiti yadda kike kwaikwayonsa har in ƙware. In an zo zaɓi mu yi faɗa a kai kamar mutane, ba ta akwati ba. In kika ce mini ana nemanki a ranar hutunki, zan san da wa nake magana.

Adireshin kuma ki turo. Ba don kanti ba. Don in san inda zan sa ki a raina idan na idar da salla, don yanzu in na yi miki addu'a tsohon gidan nake gani, da labulen da kuka saya. Kuma Oga yana riƙe da hutuna da ban taɓa ɗauka ba tun rasuwar baban yara, na riga na gaya masa ya fara neman wanda zai riƙe jan biro. Ban ce gobe zan zo ba, na san takardun tafiya ba wasa ba ne, wataƙila su ma su ce mini babu a yankinku. Amma zan je in tsaya a layin neman biza, kuma wannan karon akwai fuskar da zan kalla.

Kwamfutar tana nan a kan tebur, na bar Mai Laima inda muka bar ta, jirgi yana shigowa bai ƙarasa ba. Da safe ina buɗewa in ji ruwan saman nan kafin in fita. Ita ba ta gajiya da jira. Ni ba zane ba ce.

Ki sumbaci Mai Surutu, ki ce mata Umma Babba ta ga sababbin takalman, kuma ta ga an ɗaure igiyar ɗaya ba a ɗaure ɗaya ba. Goggo tana gaishe ki, ta ce a gaya miki na'urar tana nan sabuwa fil. Yaya Babba da matarsa suna gaisuwa, yarana ma haka, har Mai Inji ya ce a gaida nas. Ki gaida abokiyar aikinki da take riƙe miki yarinya in aiki ya haɗe, Allah Ya saka mata da alheri.

Akwai gaisuwa ɗaya da na saba rubutawa a daidai nan, kin san ta wa ce. Na bar mata wuri, ban cike ba, ban kuma soke ba. Ɗigo ma ban sa ba. Ke za ki gaya mini abin da zan rubuta.

Wassalam.

Taki har kullum,
Yayarki